ƊAKIN FALAKI NA FRANEKER: Yadda Mai Tajar Ulu Ya Rataye Taurari A Rufin Ɗakinsa

A arewacin ƙasar Holan, cikin lardin Friesland, akwai wani ɗan ƙaramin birni da ake kira Franeker, wanda mutanen cikinsa ba za su wuce wajen 13,000 ba. Gari ne na magudanan ruwa da tsofaffin gidajen jan bulo masu tsukakkiyar fuska. Daura da ofishin hukumar garin akwai wani gida a bakin ruwa, wanda baƙo zai iya wuce shi bai ko waiwaya ba, don babu abin da ya bambanta shi da maƙwabtansa. Amma duk wanda ya shiga ɗakin zama na gidan nan, ya ɗaga kansa sama, zai ga abin mamaki: ga Rana rataye a tsakiyar rufin ɗaki, ga taurari shida suna kewaya ta, kowane a kan hanyarsa, kowane kuma da irin saurinsa.

Wannan shi ne ɗakin falaki mafi tsufa a duniya cikin waɗanda har yanzu suke aiki. Ɗakin falaki, wanda Turawa ke kira filanetariyum, wuri ne da ake kwaikwayon tafiyar sama don mutane su gani da idonsu. An gama na Franeker cikin 1781, kuma wanda ya ƙera shi bai taɓa zama ɗalibin jami'a ba. Sunansa Eise Eisinga, sana'arsa kuwa tsefe gashin tumaki da taje shi, har ya zama ulu mai kyau na kaɗi.

RANAR DA AKA CE DUNIYA ZA TA TASHI

Asalin labarin ya faro ne daga wani tsoro da ya kama jama'a. Masu lissafin taurari sun sanar cewa ran 8 ga watan Mayu, 1774, da asuba, za a ga Wata da taurari huɗu sun taru wuri guda a sararin gabas, cikin burujin Hamal. Taurarin su ne Udaridu, da Zahra, da Mirriku, da Mushtari, watau cikin waɗanda malaman falaki ke kira taurari masu tafiya, domin su ba sa tsayawa wuri ɗaya kamar sauran, sai su riƙa ratsa buruji suna wucewa.

Ana nan sai wani limamin coci na ƙauyen Boazum, mai suna Eelco Alta, ya buga wani ɗan littafi a kan wannan haɗuwa. Bai sa sunansa ba, sai ya kira kansa mai son gaskiya. A ciki ya nuna cewa idan waɗannan taurari suka haɗa ƙarfinsu wuri guda, za su iya fizge Duniya daga hanyarta, ta nufi Rana ta ƙone ƙurmus. Magana ta faɗa bakin jama'a, kowa ya ji sai ya ƙara nasa gishiri, har hankalin mutanen lardin ya tashi ƙwarai. Hukuma ta ga abin yana neman wuce gona da iri, ta hana yaɗa littafin, amma kowa ya san hana littafi ba ya kwantar da zuciyar wanda ya riga ya ji abin da ke ciki.

Rana ba ta ƙarya. Ran 8 ga Mayu ta zo, taurari suka taru kamar yadda aka lissafta, gari ya waye, kowa ya kama harkarsa. Duniya ba ta ko gusa ba.

Bisa ga labarin da mutanen Franeker suka gada, abin da ya dami Eisinga shi ne yadda mutane masu hankali suka firgita a kan abin da ba shi da tushe. Shi ya san cewa taurarin nan ba su kusanci juna ba ko kaɗan. Mai kallo daga ƙasa ne kawai yake ganinsu a jere, kamar yadda mutum kan hango itatuwa biyu sun haɗu alhali kuwa akwai tafiyar rabin yini a tsakaninsu. To, amma ta yaya za a fahimtar da manomi ko masaƙi wannan da fatar baki? Sai ya yi shawarar ya ƙera abin da za su zo su gani da kansu, tun da gani ya kori ji.

YARON DA BAI WUCE FIRAMARE BA

An haifi Eisinga ran 21 ga Fabrairu, 1744, a ƙauyen Dronrijp, 'yar tafiya kaɗan daga Franeker. Mahaifinsa ma tajar ulu yake yi, amma mutum ne mai son lissafi da ƙere-ƙere, ɗan kuwa ya gado shi a duka biyun. Makarantar firamare kaɗai ya yi, daga nan aka sa shi sana'ar gida. Duk da haka yakan tako da ƙafa zuwa Franeker don ya ɗauki darasin lissafi wurin wani marinin ulu da ya san littattafan masanin nan na Girka, Yuklid. Yana da shekara 15 ya rubuta littafin lissafi na kansa da hannu, mai shafi fiye da 600. Cikin 1761, yana da shekara 17, ya sami damar kallon Zahra tana gittawa ta gaban Rana tare da wani maƙerin kayan auna taurari mai suna Wytze Foppes.

Ya yi aure cikin 1768, ya koma Franeker da zama, ya kafa sana'arsa ta ulu, ta kuwa karɓe shi har ya zama mutum mai rufin asiri, daga baya ma ya shiga majalisar gari. Abin lura a nan shi ne, Franeker na da jami'a tun 1585, wadda ta yi suna a Turai, har shahararren masanin Faransa, René Descartes, ya sa sunansa cikin ɗalibanta a 1629. Garin cike yake da shaihunan malamai masu manyan riguna. Amma da aka zo ga nuna wa talaka yadda sama take tafiya, mai tajar ulu ne ya ɗauki guduma.

Ya yi zaton aikin wata shida ne. Sai da ya ci shekara bakwai, don da rana yana wurin sana'arsa, sai ya sami sarari kana ya koma kan katako da ƙusa.

ABIN DA KE JIKIN RUFIN

An shafe rufin ɗakin da shuɗin fenti. A tsakiya ga Rana ta ruwan zinariya. Kewaye da ita an yanka tsagogi shida a jikin katako, kowace tsaga da'ira ce, kuma ta cikin kowace wani ɗan sanda ya sauko yana riƙe da ƙwallo. Ƙwallayen su ne Udaridu, da Zahra, da Duniya, da Mirriku, da Mushtari, da Zuhal mai zobe. Kowane an shafa wa rabinsa ruwan zinariya, rabi kuma baƙi, don a nuna gefen da ke fuskantar Rana da gefen da ke cikin dare. Duniya tana tafe da ɗan Watanta, shi ma yana kewaya ta.

Gwanintar ta fi fitowa wajen awo. Eisinga ya sa milimita ɗaya ta tsaya a madadin kilomita miliyan ɗaya. Saboda haka Duniya, wadda ke da nisan kilomita wajen miliyan 150 daga Rana, tana rataye santimita 15 daga tsakiya, watau bai kai taƙi ɗaya ba. Udaridu bai cika santimita 6 ba. Mushtari yana wajen santimita 78, Zuhal kuwa kusan mita ɗaya da rabi. Wanda ya tsaya a ƙasa ya dubi wannan tazara, nan take zai gane cewa ko Zahra da Mushtari sun yi jere a ido, akwai ɗaruruwan miliyoyin kilomita a tsakaninsu. Amsar littafin limamin ke nan, ba tare da gardama ba.

Girman ƙwallayen ne kaɗai bai bi wannan awo ba, kuma dole ce ta sa. Da an bi shi, da Rana ba ta fi ƙwayar gero ba, Duniya kuwa ido ba zai gan ta ba sam.

Har ila yau Eisinga ya san cewa hanyar taurari ba cikakkiyar da'ira ba ce, wani lokaci sukan matso kusa da Rana, wani lokaci su yi nisa. Don haka bai sa Rana daidai cibiyar tsagogin ba, ya ɗan gusar da kowace da'ira gwargwadon yadda lissafi ya nuna.

Abin da ya fi ba baƙi mamaki shi ne, ba sa ganin komai yana motsi. Dalili kuwa, taurarin rufin suna tafiya ne da ainihin saurin na sama. Udaridu yana gama kewayensa cikin kwana 88, Zahra cikin kwana kusan 225, Duniya cikin shekara guda, Mirriku cikin kwana 687. Mushtari sai ya yi kusan shekara 12, Zuhal kuwa shekara 29 da rabi. Tun daga 1781 zuwa yau Udaridu na sama ya kewaya Rana fiye da sau 1,000, amma Zuhal bai cika kewaye na tara ba. Yaron da aka kawo ɗakin nan yana ɗan makaranta, in ya komo da furfura, zai tarar Zuhal bai wuce kewaye biyu ba tun ganinsa na fari. Na'urar ba ta yi wa kowa gaggawa, inda tauraro yake yau a sama nan za a same shi a rufi.

Ban da taurari, akwai wata da'ira ta waje wadda ke nuna kwanan wata da burujin da Rana take ciki. Akwai kuma allon da ke nuna shekara, da mai nuna ranar mako. A jikin bango, sama da gadon mai gida, an jera fuskoki kamar na agogo. Wasu suna nuna lokacin fitowar Rana da faɗuwarta a Franeker, wasu na fitowar Wata da faɗuwarsa. Akwai mai nuna siffar Wata, daga jinjirinsa har ya cika ya koma ragewa, akwai mai nuna kusancinsa da Duniya, da kuma mai nuna lokacin da yake ratsa hanyar Rana, wanda da shi ne ake gane sa'ad da husufi zai iya aukuwa. A tsakiyarsu ga taswirar sama tana juyawa, tana nuna taurarin da ke bisa garin a wannan sa'a.

ƘUSA DUBU GOMA

Duk wannan ado ne na waje. Asirin yana ɓoye a wani ɗan matsattsen wuri tsakanin rufin ɗakin da benen sama, inda mutum ba ya iya miƙewa tsaye. Can ne aka shimfiɗa manyan faya-fayai da zobba na katako mai ƙwari, wani bisa wani, wani yana tura wani. Maƙeran agogo sukan yanka haƙora a jikin tagulla, amma faya-fayan Eisinga sun fi ƙarfin haka don girma. Sai ya ɗauki ƙusoshi ƙirar hannu, wajen 10,000, ya kafa su a jikin katako ɗaya bayan ɗaya, suka zama haƙoran da ke cizon juna.

A nan lissafinsa ya yi masa rana. Yawan haƙoran kowane faifai shi ke yanke saurin tauraron da yake ja. In faifai mai haƙora 10 yana tura mai haƙora 100, sai ƙaramin ya juya sau 10 kafin babban ya juya sau ɗaya. Ta haka ake rage gudu daga mataki zuwa mataki, tun daga bugun agogo har a kai ga tafiyar Zuhal ta shekara 29 da rabi. Kuskuren ƙusa ɗaya ba zai nuna kansa yau ko gobe ba, sai bayan shekaru a ga tauraro ya saki hanya. Mutum yana aikin da ba zai ga ƙarshen jarrabawarsa ba sai ya tsufa.

Agogo ɗaya tak, mai lilo, shi ke tsara tafiyar duka. Ƙarfin juya faya-fayan kuwa yana zuwa ne daga wasu abubuwa masu nauyi guda 9 da ke rataye da igiya, suna saukowa sannu a hankali. In sun kai ƙasa sai mai kula da ɗakin ya ja su sama da hannu. Babu lantarki, babu mai.

Akwai wani ɗan labari game da lilon nan wanda masu zagayawa da baƙi ba sa mantawa da shi. Eisinga ya shirya lilo mai tsawon mita ɗaya, wanda zai buga sau 60 a minti. Da aka zo kafawa sai aka ga ba zai sami wuri ba sai an huda rufi ya sauko cikin gadonsu, don gadon irin na mutanen ƙasar ne a zamanin, wanda ake ginawa cikin bango kamar kabad. Matarsa, Pietje, wadda ta yi haƙuri da ƙurar katako shekara da shekaru, ta ce wannan kam ba za ta yiwu ba. Ya gajarta lilon, ya koma bugawa sau 80 a minti, dole ya sake lissafin haƙora don su dace da sabon bugun. Har yau haka yake bugawa.

Tun kafin a gama aikin labarinsa ya kai kunnen malaman jami'a. Shaihun malami Jean Henri van Swinden ya zo ya duba, abin ya ƙayatar da shi, ya rubuta littafi guda a kan bayaninsa cikin 1780. Wannan littafi ne ya fitar da sunan Eisinga waje da lardinsa.

Sai dai ilmi ba ya jiran kowa. Ran 13 ga Maris, 1781, cikin shekarar da aka gama aikin, William Herschel a Ingila ya hango wani tauraro mai tafiya wanda ba a san da shi ba, shi ne aka sa wa suna Yuranus. Nisansa daga Rana ya ninka na Zuhal. Bisa awon Eisinga sai a rataye shi kusan mita uku daga tsakiya, ɗakin kuwa bai kai nan ba. Haka aka bar rufin da taurarinsa shida, har yau babu na bakwai.

GUDUN HIJIRA

Mutumin da ya iya faɗin inda Mushtari zai kasance bayan shekara 50, bai hango abin da shekara shida za su kawo masa ba. A zamanin nan Holan jamhuriya ce, amma gidan sarautar Orange ke riƙe da ragamar mulki. Wata ƙungiya da ake kira 'Yan Kishin Ƙasa ta tashi tana neman a rage ikon Yarima Willem na Biyar, Franeker kuwa ta zama cibiyarsu a Friesland cikin 1787. Eisinga, da yake ɗan majalisar gari ne, ya shiga cikin masu shirya tsaron birnin. Cikin Satumba na wannan shekara sojojin Prusiya, daga ƙasar Jamus, suka shigo suka mai da Yarima kan ikonsa. 'Yan Kishin Ƙasa suka watse.

Eisinga ya tsere zuwa Jamus, ya bar matarsa da 'ya'yansa da taurarinsa. Pietje ta rasu cikin 1788 ba ya nan, bai sami halartar jana'izarta ba. Daga baya ya matso ya zauna a ƙauyen Visvliet, a bakin iyakar Friesland, amma cikin 1791 aka kama shi, aka tsare shi a Leeuwarden, babban birnin lardin. Bayan wajen shekara guda a kurkuku aka yanke masa hukuncin kora daga Friesland har shekara biyar. Bai cika su ba, domin cikin 1795 sojojin Faransa suka shigo, mulkin Yarima ya faɗi, waɗanda aka kora suka komo gida. Ya karɓi gidansa, ya gyara na'urarsa, har ma aka ba shi muƙamai a mulkin lardi, aka kuma sa shi cikin masu kula da jami'ar da bai taɓa karatu a cikinta ba.

Jami'ar ba ta daɗe ba bayan haka. Napoleon ya rufe ta cikin 1811.

DAGA HANNUN SARKI ZUWA HANNUN GARI

Bayan faɗuwar Napoleon, Holan ta zama masarauta. Sarkinta na fari, Willem na Ɗaya, ɗan Yariman nan ne da Eisinga ya yi wa tawaye. Cikin 1818 ya zo Franeker da kansa, ya shiga ɗakin ya ɗaga kai kamar kowa. Cikin 1825 aka sayi gidan da na'urar da sunan gwamnati a kan gilda 10,000, kuɗin ƙasar na lokacin, aka bar Eisinga ya ci gaba da zama a ciki yana kula da ita. Ya rasu ran 27 ga Agusta, 1828, yana da shekara 84, aka binne shi a Dronrijp inda aka haife shi. Kafin rasuwarsa ya bar rubutaccen bayani dalla-dalla na yadda za a riƙa kula da na'urar, iyalinsa kuma suka ci gaba da riƙon ta. Cikin 1859 gwamnati ta miƙa gidan ga hukumar birnin Franeker.

Ɗakunan falaki na zamani wani iri ne dabam. Cikin 1923 kamfanin Zeiss na birnin Jena a Jamus ya nuna wata na'ura da injiniya Walther Bauersfeld ya tsara, wadda ke haska taurari wajen 4,500 a cikin ƙubba mai duhu. An buɗe irinta ga jama'a a Munich cikin 1925, aka buɗe na Jena cikin 1926, daga nan ta bazu manyan biranen duniya. A irin waɗannan ɗakuna mai jawabi kan juya sama yadda ya ga dama, ya tafiyar da shekara guda cikin minti ɗaya. Suna nuna sama kamar yadda mai kallo daga ƙasa yake ganinta. Na Eisinga kuwa yana fitar da mutum waje ne, ya nuna masa Duniyar da yake takawa tana rataye cikin 'yan'uwanta.

Yanzu gidan ya zama gidan tarihi, an haɗa shi da gidajen da ke maƙwabtaka da shi, an tara tsofaffin madubin hangen nesa da agogai da sauran kayan auna taurari. Titin da ke gabansa ma sunan Eisinga yake ɗauke da shi. Cikin 2006 aka sa labarinsa cikin muhimman batutuwa 50 na tarihin ƙasa da ake koya wa 'yan makarantar Holan. Ran 19 ga Satumba, 2023, a taron da aka yi a Riyad ta ƙasar Saudiyya, Hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa shi cikin jerin kayan tarihi na duniya baki ɗaya.

Duk da wannan girma, na'urar ba ta iya rayuwa sai da hannun mutum. Katako yakan kumbura da laima, ƙarfen lilo yakan miƙe da zafi ya tsuke da sanyi, sai an riƙa dubawa ana daidaitawa. Nauyin nan guda 9 sai an ja su sama. Allon da ke nuna shekara yana ɗauke da shekaru 22 ne kawai, in sun ƙare sai a rubuta sababbi. Kalandar rufin kuma kwana 365 ta sani, ba ta san 29 ga Fabrairu ba. Saboda haka duk shekarar da Fabrairu ya yi kwana 29, irin su 2024 da 2028, sai mai kula da ɗakin ya sa hannu ya gyara mata lissafin kwana ɗaya.